Sabon Littafin Almara Yana Nan Tafe: Uwargida, Ki Riga 'Ya'yanki Karanta Shi

   

A wannan watan albishir na kawo muku, amma fa albishir ne mai tafe da aiki. Akwai wani sabon littafin almara, wato irin labaran nan na aljanu da abubuwan al'ajabi, da ke gab da fitowa kasuwa. Na samu damar karanta shi tun yana rubutun da ba a kai maɗaba'a ba, kuma ina so ki neme shi idan ya fito. Na san wata za ta ce, "Malama guda da tallar littafin aljanu?" To 'yar'uwa, ki ba ni aron kunnenki zuwa ƙarshe, sannan ki yanke hukunci.

Yadda abin ya faro

Shekarar da na fara koyarwa a Islamiyya, ban jima da gama kwalejin ilimi ba, ga ƙuruciya ga zafin sabuwar malama. Wata ranar Asabar muna darasin Ahalari, sai na hango wata yarinya a layin baya ta duƙufa a kan littafinta ko ƙiftawa ba ta yi. Duk wadda ta taɓa koyarwa ta san babin ƙabli da ba'adi ba ya sa yarinya 'yar shekara 13 ta saki baki tana zare ido. Na lallaɓa ta bayanta, sai ga ɗan ƙaramin littafin yaƙi ta cusa a tsakiyar Ahalarin, bangonsa da hoton wani ƙato riƙe da takobi. Na ƙwace, na yi mata tatas a gaban 'yan aji, na ce in na je gida wuta zan cinna masa. Yarinyar nan ta bi ni har bakin ƙofa tana kuka, wai na haya ne, in bai koma ba sai ta biya.

Da dare bayan isha'i na ce bari in duba irin shirmen da ke ɗauke wa yaranmu hankali kafin in ƙona. Wallahi 'yar'uwa ban rufe littafin nan ba sai da na kai shafin ƙarshe, inda marubucin ya ce mu haɗu a littafi na biyu, kuma sai na ji haushi ya kama ni don ba ni da na biyun. A nan na gane abu biyu. Na farko, abin da ya riƙe ni, ni da nake malama, ba tsawa ce za ta raba yarinya da shi ba. Na biyu, a cikin littafin akwai wurare uku da suka saɓa wa aƙida ƙarara, kuma yarinyar ta haɗiye su ba tare da wani babba ya nuna mata ba. Washegari na mayar mata da littafinta, muka zauna na nuna mata wuraren nan ɗaya bayan ɗaya.

Yau wannan yarinya matar aure ce da 'ya'yanta biyu. Watannin baya ta yi sallama gidana riƙe da wata jaka cike da takardu, ta ce, "Malama, na rubuta nawa. Kafin in kai a buga, ina so ki sa mini jan biro kamar yadda kika sa wa wancan." Littafin da nake ba ku labari ke nan. Sunansa da ranar fitowarsa za ku gani a shafin sanarwa na wannan mujalla da zarar an kammala bugu.

Me ke cikin littafin?

Ba zan fasa muku ƙwai ba, amma ga ɗanɗano. Labarin ya faru ne a wani gari mai ganuwa, a zamanin da ake fatauci da jakuna. A bayan garin akwai wata tsohuwar kuka, kuma duk daren da wata ya ɓuya sai kasuwa ta ci a ƙarƙashinta. A kasuwar akwai wani attajirin aljani wanda ba ya sayen hatsi, ba ya sayen dabba. Abin da yake saye shi ne tunanin mutane, wato abin da mutum ke tunawa na rayuwarsa. Ka miƙa masa ranar da ta fi baƙanta maka rai, ya zuba ta a tulu ya toshe, ya ba ka zinariya, ka koma gida ka manta da ita har abada.

Da farko mutanen garin suka ga banza ta faɗi. Wanda aka ci wa mutunci ya sayar da ranar, wadda aka saka ta sayar da ranar sakin. Da ranakun baƙin ciki suka ƙare, kwaɗayin zinariya bai ƙare ba, sai aka shiga sayar da na daɗin. A hankali mai bashi ya manta da bashinsa, ɗan'uwa ya manta hanyar gidan ɗan'uwansa, ladan ya tsaya a tsakiyar kiran salla yana lalube.

Jarumar labarin yarinya ce 'yar shekara 14 da ke zaune da mahaifiyarta da kakarta makauniya. Ƙaninta ya rasu, baƙin ciki ya hana uwar ci da barci. Wani dare uwar ta sulale zuwa kasuwar kuka, ta sayar da ranar mutuwar ɗanta. Da safe ta tashi tana fara'a, kowa ya ce alhamdulillahi ta warke. Sai dai kash, ba zafin kaɗai ya tafi ba, har da yaron. Ta ga 'yar rigarsa a kan igiya ta ce ta wane ce. Ta daina yi masa addu'a bayan salla, domin ba ta san ta taɓa haihuwarsa ba. Bayan 'yan kwanaki ta fara kallon 'yar tata ma kamar baƙuwa. Daga nan yarinyar ta ɗaura niyyar shiga kasuwar ta karɓo tulun mahaifiyarta, alhali ba ta da takobi, ba ta da laya, ba ta da ko anini. Guzurinta shi ne haddar da ta yi a makarantar allo, da azkar ɗin da kakarta ta koya mata, da kaifin hankali.

A wurin rigar nan na ajiye takardun na share hawaye. Duk uwar da ta taɓa binne ɗa, ko ta yi ɓari, ta san daren da take cewa ina ma a cire mata wannan abu daga zuciya. Littafin ya tambaye mu, in an cire, me zai tafi tare da shi? Da wa'azi na tsaya na yi a kan haƙuri da ƙaddara, da wuya ya shiga jikina kamar yadda 'yar rigar nan ta shiga.

Shin ba ƙarya ba ce?

Wannan ita ce tambayar farko da iyaye ke yi mini, kuma tambaya ce mai kyau. Musulunci ya tsananta a kan ƙarya, har akwai hadisi a cikin Abu Dawuda da Tirmizi da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ke shirga ƙarya don ya ba mutane dariya. Saboda haka ne wasu malamai suka ƙi ƙagaggen labari gaba ɗaya, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne. Amma malamai da yawa sun bambance tsakanin ƙarya da misali. Ƙarya ita ce ki faɗi abin da bai faru ba don a ɗauka ya faru. Idan kuwa mai faɗa da mai saurare duk sun san shiri ne don a ɗauki darasi, to babu wanda aka yaudara.

Iyayenmu sun riga mu gane wannan. Dubi yadda kaka ke buɗe tatsuniya da "ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "ta zo mu ji ta." In ta gama ta ce "ƙurunƙus kan kusu," ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wato ta buɗe ƙofa, ta shigar da yaro duniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo, sannan ta fito da shi ta rufe ƙofar, ta kuma sanar da shi cewa abin da ya ji ba gaske ba ne. Ba mu taɓa jin yaron da ya girma yana neman gidan Gizo don ya kai masa gaisuwa ba.

Haka abin yake a zaurukan malamai. Muƙamatul Hariri, wadda manyan almajirai ke karantawa a ƙasar Hausa don ƙwarewa a Larabci, labarai 50 ne ƙagaggu na wani mai wayo, Abu Zaidis Saruji, wanda ke yawo gari gari yana yi wa mutane dabara. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a shekarar 1122 Miladiyya, kuma har yau ana karantar da littafinsa. Ga kuma Kalila wa Dimna, wanda asalinsa daga Indiya ne, Ibnul Muƙaffa'i ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8. A cikinsa diloli da zaki da sa ne ke magana, amma sarakuna da malamai sun daɗe suna ɗibar hikima daga gare shi.

Sai dai a nan akwai wani kan iyaka da ya wajaba ki nuna wa 'ya'yanki. Aljanu ba almara ba ne, halittar Allah ce ta gaskiya, akwai sura guda da sunansu. Labarin Annabi Sulaiman (AS) da tururuwa da alhudahuda da ifritu a Suratun Namli gaskiya ne tsantsa, ba a haɗa shi da tatsuniya. Abin da ke ƙage shi ne wannan aljanin na cikin littafi da kasuwarsa da tulunansa. Yaron da aka bambance masa waɗannan biyu tun yana ƙarami ba zai rikice ba.

Ba yau aka fara ba

Wataƙila kina ganin labaran al'ajabi baƙon abu ne da ya shigo mana tare da finafinan Turawa. Ko kusa. Da su aka buɗe rubutun ƙagaggun labarai na boko a Hausa. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai, wadda ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Wadda ta karanta Ruwan Bagaja ba za ta manta da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba, da doguwar tafiyar neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, har cikin ƙasar aljanu. Ganɗoki kuwa ya faro da yaƙi da Turawa, ya ƙare da gumurzu da aljanu.

Daga 1937 zuwa 1939 Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce littafi uku, inda aku ke riƙe ɗan sarki da labarai don kada ya faɗa tarkon mugun waziri. A 1951 Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, labarin yaron da ya tashi ba ya iya tafiya, daga baya ya zama jarumi. A 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaron Bahaushe ya kai shi sararin samaniya. Waɗannan littattafai a aji aka karanta su, iyayenmu da malamanmu sun ci jarrabawa da su, kuma ba su fita daga addini ba.

Da kasuwar littattafan Kano ta buɗe daga shekarun 1980, labaran soyayya ne suka fi yawa, mata kuma suka riƙe alƙalami sosai. Amma a gefe guda littattafan yaƙi sun yi tashe, musamman a hannun samari, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Cikin wannan ambaliya an samu na kirki, an samu na banza, har ta kai a shekarar 2007 aka ƙona littattafan Hausa a Kano da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Waɗanda suka yi hakan tarbiyya suke nema, ba na shakka. Amma mu tambayi kanmu, yaran sun daina neman labari? Ba su daina ba. Labarin ne ya tashi daga takarda ya koma cikin waya, inda babu bangon da uwa za ta gani ta ƙwace. Yau ɗanki ya san Harry Potter, wanda aka fara bugawa a Ingila a 1997, ya san makarantar matsafan da ke ciki da sandunansu, amma ki tambaye shi wane ne Malam Zurƙe ki ga yadda zai dube ki. Ƙishirwa dai tana nan. Idan ba mu ajiye ruwa mai kyau a randar gida ba, yaro zai sha na kwata.

Inda na sa jan biro

Ban karɓi rubutun ɗalibata na yi ta yabo ba. Ma'auni huɗu na ɗora shi a kai, kuma su nake so ki riƙe don auna kowane littafi ko fim na irin wannan, ba nata kaɗai ba.

Na farko, wa ke da iko a cikin labarin? Akwai littafin da za ki ga boka ya ce a yi ruwa an yi, tsafi ya ce a mutu an mutu, babu inda aka nuna akwai wani iko a samansu. Aya ta 102 a Suratul Baƙara, wadda ta yi maganar sihiri da masu raba miji da mata, ta bayyana cewa ba sa iya cutar da kowa sai da izinin Allah. A littafin nan aljanin ba ya iya ƙwace tunanin kowa da ƙarfi. Sai mutum ya tako da ƙafarsa ya miƙa da hannunsa. Wannan ya yi mini daidai.

Na biyu, wa ya san gaibu? A rubutun farko akwai inda aljanin ya faɗa wa yarinyar abin da zai same ta bayan kwana uku, kuma ya faru daidai. Nan na ja layi. Na tuna wa marubuciyar aya ta 14 a Suratu Saba'i, inda aljanu suka ci gaba da wahalar aiki ba su san Annabi Sulaiman (AS) ya rasu ba, sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi. Wanda bai san abin da ke gabansa ba, ina zai san na jibi? Ta koma ta gyara, kuma gyaran ya fi na farkon daɗi: yanzu aljanin cika baki yake, yana haɗa ƙarya da abin da ya tsinta cikin tulunan mutane, kuma ta wannan kafa yarinyar ta gano lagonsa.

Na uku, wurin wa jaruma ke neman tsari in ta shiga uku? A nan ma na samu wata tsohuwa da ta ba yarinyar zobe, wai in ta murza wani aljani zai zo ya cece ta. Na ce a cire. Aya ta 6 a Suratul Jinni ta ba da labarin mutanen da ke neman tsari da aljanu, ba abin da suka ƙara musu sai wahala da ɓata. Marubuciyar ta ɗan ja da ni, ta ce ai duk littattafan yaƙi haka suke yi. Na ce shi ya sa nake so naki ya bambanta. Yanzu zoben yana nan a labarin, amma yarinyar ta ƙi karɓa, kuma sai can gaba mai karatu zai ga abin da ya sami wadda ta karɓa.

Na huɗu, yaya ƙarshen mai tsafi? Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da suka zo a hadisin Buhari da Muslim, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Ba laifi ba ne a nuna boka a labari, tunda akwai shi a duniya. Laifin shi ne a ƙawata shi, yaro ya rufe littafi yana sha'awar zama kamarsa. Bokan da ke cikin wannan littafi dillalin aljanin ne, shi ke rako mata kasuwar da dare yana karɓar la'ada, kuma ƙarshensa abin tausayi ne.

A nan bari in faɗi wata magana, ko da za ta yi ɗaci. Mu mata muna tsoron kada yaro ya ga boka a takarda, amma sau nawa yaro ke ganin uwarsa ta saka mayafi ta ce unguwa za ta, alhali ƙulli za ta karɓo saboda kishiya? Sau nawa ake aiken yarinya ta binne abu a bakin ƙofa? Bokan littafi in an rufe bango ya tafi. Wanda uwa ta shigo da shi cikin jaka shi ne ke zama a zuciyar yaro. Allah Ya shirye mu baki ɗaya.

Abin da bai gamsar da ni ba

Amana ce tsakanina da ku, don haka ba zan ce littafin ba shi da aibi ba. Babi na biyu ya yi tsawo, marubuciyar ta tsaya zayyana garin da kasuwanninsa har sai da na fara hamma. Ki daure ki wuce shi, daga babi na uku ba za ki so ajiyewa ba. Akwai kuma wurare biyu da ta saki labari ta koma wa'azi kai tsaye, alhali labarin ya riga ya isar da saƙon. Sannan daren farko da yarinyar ta shiga kasuwar kuka yana da ban tsoro ƙwarai. A ganina yaron da bai kai shekara 10 ba kada a bar shi ya karanta wurin shi kaɗai, balle da dare. Daga shekara 12 zuwa sama kuwa, mace ko namiji, babu damuwa. Babu batsa a ciki, babu ashar, babu soyayyar da za ki ji kunyar karantawa a gaban surukarki.

Yadda za ki ci moriyarsa

Idan ya zo hannunki, ki fara karanta shi ke kaɗai. Dare biyu ko uku sun isa. Ba don kin ƙi yarda da ni ba, sai don ke kika san 'ya'yanki, kin san mai tsoro, kin san mai yawan tambaya.

Bayan nan ki mayar da shi karatun gida. Bayan sallar isha'i, an ci abinci, a kashe talabijin, a kife wayoyi har da taki, a shimfiɗa tabarma. Ki karanta babi ɗaya da ƙarfi, ko ki ba babbar 'yarki ta karanta, wanda hakan zai gyara mata karatun Hausa, domin da yawa daga cikin yaranmu na makarantun kuɗi suna jin Hausa amma in an ba su takarda sai in'ina. Ki tsaya a daidai inda labari ya ɗau zafi, ki ce sai gobe. Za ki ga yaran da ake bi da bulala su shigo gida sun riga ki zama a tabarma.

In an rufe littafi, ki jefa musu tambaya ɗaya ko biyu. Da kai ne, wace rana za ka sayar? Me ya sa ta ƙi karɓar zoben? Wace addu'a ya kamata ta yi a nan? Kada ki mayar da abin jarrabawa, hira ce. A irin wannan hira ce yarinya ke faɗin abin da ke damunta a makaranta, wanda da kin tambaye ta kai tsaye ba za ta faɗa ba. Daga nan sai ki ɗora da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin a kwanta, yaro ya yi barci da sanin cewa Mai tsare shi Ya fi duk abin da ya ji a labari. In maigida yana nan, ki ja shi cikin zaman. Ai Uwar Muminai A'isha (RA) ta zauna ta ba Manzon Allah (SAW) dogon labarin mata 11 da kowace ta siffanta mijinta, wato hadisin Ummu Zar'in, ya saurare ta har ƙarshe, ya kuma faranta mata da amsarsa. Sauraron labari tsakanin iyali ba ɓata lokaci ba ne.

Don me nake faɗa muku tun bai fito ba?

Domin marubuciyar da kuɗinta za ta buga, kamar yadda akasarin marubutanmu ke yi. Adashi ta ɗauka ta haɗa da abin da mijinta ya taimaka. Takarda ta yi tsada, masu shagon littafi kuwa ba sa son ɗaukar abin da ba su ji ana tambaya ba. Idan mata goma suka tsaya a shago ɗaya suka tambayi littafi, gobe mai shagon da kansa zai je nemansa. Saboda haka da zarar kin ga sanarwa, ki tambaya a inda kike sayen littattafan makarantar yara, ki gaya wa maƙwabciya, ki faɗa a Islamiyyarku ta matan aure.

Ina kuma roƙonki da ki sayi na gaskiya. Idan wata ta ɗauki hoton shafukan ta turo miki a waya, kada ki karɓa, kada ki tura gaba. Haƙƙin mai shi ne, gumin 'yar'uwarki ce da ta yi ta rubutu da dare bayan ta kwantar da yara. Tun da sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata a 2016, duniya ta shaida cewa muna da mata masu alƙalami. Abin da ya rage shi ne masu saye. Muna kuka cewa an cika mana kasuwa da labaran banza, amma in mai tsoron Allah ta rubuta na kirki ya kwanta a shago ƙura ta rufe shi, ba za ta sake rubuta na biyu ba, fili kuma ya koma hannun waɗanda muke kuka da su.

Ranar da na mayar mata da takardunta, ta duba jan biron da na zuba ta yi dariya, ta ce, "Malama, da kin ƙona wancan littafin fa?" Na ce da na yi asara, domin da kin koma karantawa a ɓoye, ni kuma da ban taɓa sanin abin da kike karantawa ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare mana imaninsu, Ya sanya albarka a alƙaluman marubutanmu. Wadda ta karanta littafin tare da 'ya'yanta, ina jiran wasiƙarta ta hannun edita, mu ji yadda zaman tabarmar ya kasance. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.